Mabuɗin Baba Tela ya zo a makare

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna da yara? Ni lafiya lau nake. Sai dai tun da haya ta gagare ni, a masaukin marasa gida inda nake shara nake kwana. Wurin da tsabta, don Allah kada Inna ta ji.

Akwai wani dattijo a nan, Baba Tela, mai yi mana ɗinki kyauta. Ya daɗe yana jiran ɗaki a gidajen da gwamnati ke gina wa talakawa. Yakan ja ni mu je duba ginin, ya nuna wata taga ya ce, "'Yata, nan zan ajiye keken ɗinkina." Sai kuɗin aikin ya yanke, aka ƙara shekara kafin a gama.

Watan jiya ya rasu. Shekaranjiya wata ma'aikaciya ta zo da mabuɗinsa tana murmushi, ta ce, "Ina mai ɗakin?" Ina riƙe da tsintsiya, na faɗa mata ya rasu. Ina ma ya kwana ciki ko sau ɗaya!

Ku sa shi a addu'a, Yaya. Ba shi da kowa sai mu.

Ƙanwarki.