Sunan Baba a Mujallar Dakar

Birni, daren Laraba, watan Rajab

Alhamdu lillahi, mujallar masu bincike ta iso daga Dakar, kuma sunan Baba surukina na ciki!

Bara da nake yi wa Mushe, Nasaran lakwal, wato makarantar boko, tafinta, Baba ne ya ba shi labarin gina ganuwa kaf. Amma Mushe ya rubuta "in ji wani tsoho". Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Mushe, a nan ko yaro ya kawo karatu, sai an tambaye shi wurin wa ya ɗauko." Ya yi ja wur, na ɗauka aikina ya tafi. Ashe ya gyara.

Bayan la'asar na kai wa Baba mujallar a zaure. Ya ce, "Karanta mu ji." Ina fassarawa, da na iso kan sunan sai bakina ya ƙi. Ina ni ina kiran sunan suruki? Na ɗora yatsa kawai, na ce, "Baba, ga ku nan."

Ya yi dariya har da hawaye. "Kai, ka yi faɗa da Nasara kan sunan da ba ka iya faɗa!"

Ko a nan ma hannuna ya ƙi rubuta shi.