Ciwon Kafaɗar da Ba na Kwano Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin haƙar kuza na Riruwai,

Gaisuwa da girmamawa. Ranka ya daɗe, ni ne Mamman mutumin Ƙiru, tsohon leburanka. Daga gadon asibiti a Jos nake rubuto wannan, a bainar jama'a, don leburori masu ɗaukar kwanon ƙasa su ji.

Na ɗaya. A kakar 1954 kafaɗata ta dama ta soma ciwo, ga tari, ga gumi ina barci. Na gaya wa disfensanku, mai ba mu magani, na taɓa yin dogon tari ina saurayi, ya warke. Bai ɗora mini abin sauraren ƙirji ba. Ya ce duk mai ɗaukar kwanon ƙasa kafaɗarsa na ciwo, ya ba ni man shafawa. Wanzami ma ƙaho ya kafa mini a wurin. Ni kaina na yarda.

Na biyu. Da ƙarfina ya ƙare aka sallame ni. Na zo Jos neman aiki mai sauƙi, na yi aman jini a tasha. Likita ya ɗauki hoton ƙirjina, ya nuna mini: tarin fuka ne. Ashe na samartaka bai mutu ba, kwanciya ya yi, ƙura da wahala suka tashe shi. Ya ce in ya farka saman huhu yakan kama, dab da kafaɗa. Nawa har ya yi kogo. Daidai nan muka yi ta shafa mai.

Ban ce kai ka sa mini cuta ba, da ita na zo. Disfensan ma ba mugu ba ne, layin ne ya yi masa yawa. Amma mai tari dai a saurari ƙirjinsa, ko lebura ne.

Na uku, shi ne dalilin wasiƙar. Ƙanena Garba, ni na kawo shi aikin, ɗaki guda muka kwana a bariki. Jiya wani direba ya ce mini Garba na tari, an kuma ba shi man shafawa.

Ina roƙonka, ka sa shi a motar kuza a kai shi Kano a ɗauki hotonsa kafin ruwa ya yanke hanyar Doguwa. Ni ban nemi komai ba. Mu biyu tsohuwarmu ta haifa, ni kuwa ba na jin zan sake ganin Ƙiru.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ji.

Wassalam.
Mamman Ƙiru