Abin da Ragar Kanal Ta Tare

Zuwa ga Neels, sanyin idona, inuwar da nake gudu wurinta idan duwatsun kwarin nan suka ɗauki zafi, dabinona na kan reshe, ruwan farko da ke shiga gonar inabi idan an ɗaga ƙofa. Ya kai wanda dariyarsa ta fi mini kukan tsuntsayen bakin kogi daɗi! Ina gaishe ka da zuciya mai ciwo. Ina gaishe ka kuma da ido biyu a buɗe, domin yau kwana goma ke nan ban yarda na lumshe su a kanka ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na san da waya a aljihuna. Amma na san halina: da zarar ka ce "Truida tawa," tambayar da na kwana ina shiryawa ta bi iska. Shi ya sa na rubuta, na ba Goggo Mieta mai gasa gurasa ta sa maka cikin ledar gurasarka. Ta rantse ba za ta karanta ba, na kuma san za ta karanta. Sannu da aiki, Goggo.

Lahadin nan mai zuwa fasto zai yi shelar aurenmu a coci karo na uku, na ƙarshe. Daga shi sai ɗaura aure. Ni kuwa, Neels, ban san ko zan bari a kai can ba.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni kogon da ruwan gonaki ke ratsawa ta cikin dutse? Shekara biyu ke nan, ana tsakiyar yankan inabi, zafi har kwalta na kama takalmi. Ka zo da tiyub biyu na tayar tarakta a kafaɗa, ka ce za ka nuna mini kanal, babbar hanyar ruwan gonakin nan. Ni! 'Yar mai gadin ruwa, wadda ta koyi tafiya a kan gaɓarsa! Na bar ka kana ta bayani, yadda mutane suka huda dutsen nan da diga da shebur don ruwa ya wuce, kamar ba kakana ne ya bar yatsu biyu a wurin ba. Ka ɗaure tiyub ɗinmu da igiya, ruwa ya ja mu cikin duhu, sanyi ya rufe mu. Sai ga jarumin da ke kai baƙi kan babban kogi a kwalekwale ya kama idon sawuna ƙam, yana rera waƙar coci murya na rawa! Da muka fito haske ka ce wai hankalina kake kwantarwa. Wayyo, yadda na so ka a ranar! Muka zauna a gaɓa muna cin busasshen inabi, ruwa na ɗiga daga gemunka, ka ce, "Truida, ni ba na ɗaure tiyub ɗina da na kowa. Baƙi kowa ya riƙe nasa, ni ina bin su ta gaɓa a keke. Ke ce farko, ke ce kuma ƙarshe." Na yarda, na ɗauki maganar na adana.

To, ka manta aikina ne, ko raina shi ka yi? Shekara tara ina tsaye da manjagara a gaban ragar ƙarfen da ke tare shara kafin ruwa ya kai ga tayar ɗiban ruwa. Duk abin da ya faɗa kanal daga sama, hannuna yake zuwa. Kwalaben masu shan iska, hulunan masu tseren keke, ƙwallayen yara, gorar masu kamun kifi, sau ɗaya har akwatin haƙoran roba na wani tsohon Bajamushe. Ba sai na je kogon ba nake sanin wa ya yi wasa a can ranar Lahadi. Ina nan tsaye labari ke iske ni, a jiƙe.

Lahadin shela ta farko, muna fitowa coci ka sumbaci hannuna a gaban jama'a, ka ce kana da baƙi shida da za ka kai Augrabies su ga gangaren ruwa, sai dare za ka dawo. Na yi maka addu'ar sauka lafiya. Ƙarfe biyar saura na yamma na sa manjagara, sai ga malafa. Malafarka, Neels, mai shuɗin ƙyallen da na yanka daga tsohuwar rigar mahaifiyata na ɗinka mata da hannuna, har da wurin da allura ta soke ni na karkace ɗinki.

Na ciro ta. Na shanya ta, na sa a kabad. Litinin ka zo kai ba hula, na tambaye ka, ko ƙifta ido ba ka yi ba. "Iska ce ta ɗauke ta a Augrabies, Truida tawa, ina ji ina gani ta faɗa ramin ruwan." Kana faɗin haka kana jingine da kabad ɗin da take ciki! Na zuba maka kofi har ya malala, ka ce ko zazzaɓi ne. Masoyina, Augrabies tana ƙasa da mu, tafiya mai nisa a mota. Kogon yana sama da mu. Tun yaushe ruwa ya fara hawa tudu? Ko kuwa malafar ce ta hau mota ta dawo, ta wuce gidanmu, ta je sama ta faɗa kanal don ta zo ta gaishe ni?

Ka san ni, ba na son zaluntar mutum. Talata na ɗauki lemo guda na hau keke har bakin kogon, na jefa shi, na dawo na tsaya a raga da agogo a hannu kamar mahaukaciya. Awa ɗaya da minti arba'in. Ke nan wajen ƙarfe uku na ranar Lahadin malafarka ta bar kanka, a can sama, a daidai lokacin da kake nuna wa baƙi shida gangaren ruwa a can ƙasa. Na ɓare lemon na shanye, ko daɗinsa ban ji ba.

Duk da haka na yi ta nema maka mafita. Na ce wataƙila aronta wani ya yi. Na ce wataƙila biri ya sace ta a bayan motarka, ai ba yau suka fara ba. Na ce wataƙila wani abin alheri kake shirya mini a ɓoye, kamar yadda ka ɓoye zobe wata guda a cikin gwangwanin ƙugiyoyinka. Zato zunubi, in ji mutane. Na durƙusa na roƙi Ubangiji gafara saboda kai, ka ji wauta.

Sai Lahadin shela ta biyu. Wannan karon ka ce kwalekwale za ka kai gyara garin Kakamas. Da yamma, ga tiyub biyu sun taho suna juyi, ba kowa a kansu, suka zo suka manne da raga. Naka ne, masu jan faci. A ɗaure suke da juna, Neels. Da ƙullinka, wannan mai kunne ɗaya da ka ce babu mai yin sa a kwarin nan sai kai. A jikin igiyar kuma takalmin roba na mace ya sarƙe, ƙafa ɗaya, kore, ɗan ƙarami. Na gwada, kada ka ce ban gwada ba. Ko rabin ƙafata bai shiga ba. Na zauna a kan simintin na yi kuka har wasu baƙi da ke ɗaukar hoton tayar ruwa suka tambaye ni ko maciji ne ya sare ni.

Shekaranjiya na je sayen gurasa, Goggo Mieta ta dube ni sama da ƙasa tana juya garwashi. "Ke 'yar nan, amarya ce ke ko mai takaba? Dubi idanunki!" Na ce aiki ne. Ta ce, "Aiki, ko? To, waccan yarinyar mai ba da hayar kekuna a bakin gada, Rozelle take ko wa, ta zo nan ɗazu da sabon takalmi, tana taku kamar mai taka ƙwai. Na ce ina korenki? Ta ce ya tsufa. Takalmin da aka saya da Ista ne ya tsufa!" Na ce Goggo me kike nufi? Ta ɗaga hannu biyu. "Ni? Gurasa nake gasawa, ba mutane ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, ke ce mai ruwa, kin fi ni sani."

Ita ce? Faɗa mini, ita ce? Wadda ta zo daga Upington wata huɗu da suka wuce, take kiran ka "Neelsie" a gaban mutane kamar ita ta raɗa maka suna? Na lura tun tuni baƙinka sun daina tafiya a ƙafa, kowa sai ka ce masa keke ya fi. Na lura kana aske gemu ranar Lahadi, kai da sai na yi da gaske kake wanke wuya. Na lura ka daina tsayawa a raga ka ɗauki manjagara ka taya ni. Na gani duka, na yi kamar ban gani ba, domin so hana ganin laifi. Shin ita ma ka kama mata idon sawu a cikin duhun? Ka rera mata waƙar? Kai, Neels! Ko waƙar ma da ka canza!

Ga abin haushi: har yanzu ina son ka. Ina son ka idan na ga kwalekwalenka ya ɓullo daga cikin ciyayin kogi, kana tsaye a baya kana yi wa baƙi ƙaryar girman kifin da ka kama. Ina son yadda kake cire wa tsofaffi takalmi kafin su shiga ruwa. Ina son ƙanshin rana a rigarka. Idan iskar yamma ta taso daga gonakin inabi, sunanka take kawo mini, in yi tsaki in ci gaba da jan shara. Wa zan kai wa ƙarar zuciyar da ta ga shaida uku ta ce a ƙaro?

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki biro. Ina usur ɗin Baba? Usur ɗin tagulla da ya yi shekara talatin yana busawa a gaɓar nan, wanda na rataya maka a wuya ranar da aka yi mana baiko, na ce ba ni da abin da ya fi shi. Tun Lahadin nan wuyanka wayam. Ka ce yana aljihun rigar ruwanka. Na duba, ka yafe mini, babu. Igiyarsa gajera ce, ni na ƙulla ta, ba ta fita ta kai. Sai dai a kwance ta, ko a tsinke ta da wasa. Malafa tana yawo a kan ruwa, roba ma haka. Tagulla kuwa inda ta faɗa nan take kwanciya.

Ka san abin da ke zuwa ranar Juma'a. An gama kwashe inabi, lokacin yasar kanal ya yi. Ƙarfe shida na safe ni da hannuna zan murɗa babbar ƙofa in rufe ruwa, kafin azahar laka ta bayyana daga sama har ƙasa. Jiya Kawu Stoffel, shugabanmu, yana raba wuraren aiki, na ce a ba ni kogon da gaɓar da ke bayansa. Ya cire tabarau ya dube ni. "'Yata, can akwai laka har gwiwa, ga ki amarya. Bari in sa maza." Na ce ni nake so. Ya rubuta sunana, bai sake kallona ba. Ka ga har shi ya ji wani abu.

Tsoro nake ji, Neels, ba zan ɓoye maka ba. Shekara tara ban taɓa jinkirta ƙofa da minti ɗaya ba, amma jiya na tsaya a gabanta ina tunanin in ce makullin ya ɓace, ruwa ya ci gaba da rufe mini abin da yake rufewa. Ka ga inda ka kai ni? Mace mai amana tana shirya ƙarya don ta kare taka!

Don haka ina roƙonka, hasken gidana, ina roƙonka da darajar mahaifiyarka da ta riga ta fara kirana 'yarta. Ka zo raga ranar Alhamis kafin rana ta faɗi. Kada ka zo da fure, kada ka zo da "Truida tawa." Ka zo da bakinka ka faɗa mini. In ba ka yi komai ba, ka sa usur ɗin a tafin hannuna, ni kuma in durƙusa a gaban tayar ruwa in ba ka haƙuri kowa na gani. In kuwa ka yi, ka faɗa. Zan yi kuka, zan zage ka, wataƙila in bi ka da manjagara har gada. Amma abin da na ji daga bakinka ina jin zan iya yafewa, ko ba yau ba. Abin da na tono da hannuna daga laka, wannan kam ba zan iya ba.

In ba ka zo ba, Juma'a zan shiga da shebur ni kaɗai, in bi kogon taku taku. In ban samu komai ba, na gode wa Allah, in ci gaba da jiran ka. In na samu, ba za ka ji hayaniyata ba, ba zan je bakin gada in yi faɗa da kowa ba. Zan wanke shi tas, in goge shi da toka har ya yi ƙyalli. Lahadi zan sa farar rigata in zauna kusa da kai a bencin gaba. Idan fasto ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana wannan aure, ba zan ce uffan ba. Zan miƙe in busa shi.

Taka, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli wani ba, ba kuma za ta kalla ba ko ka zo ko ba ka zo ba,

Truida