Buhu Goma Sha Biyar a Falo

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 2024

Na yi abin da na ce zan yi. Masara buhu goma sha biyar daga kasuwar Giwa, dubu sittin-sittin. Duk abin da na tara a adashin ma'aikatan laburarenmu ya koma hatsi.

In rubuta dalili, don kada gobe wani ya ce haukacewa na yi. Mai gidan da muke haya a nan Samaru ya ba mu zuwa ƙarshen Yuli. Zai farfasa gidan ya mayar da shi ɗakunan ɗalibai, kamar yadda kowane mai gida yake yi yanzu. Gininmu na Zabi ya kai linta, ɗaki biyu da falo, babu rufi. Ikechukwu mai sayar da kwano a Sabon Gari ya buga lissafi, ya ce kuɗina zai rufe falo da ɗaki ɗaya, in biya yanzu ya ajiye mini kwanon a shagonsa. Ni ba na son rabin gida. Bara masara ta kusan ninka kuɗinta kafin damina ta yi nisa. In ta maimaita, a watan Yuni in sayar in rufe gidan duka.

Mijina Othniel ya ce, "Maman Clara, da mun riƙe abin da ke hannu." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yaran firamare lissafi, bai taɓa ajiye sisi ba, shi ne zai ba ni shawarar kuɗi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Bangon ɗakin Clara yana tsatso ruwa, ba zan sa hatsi a can ba. An jera katako a falo, an ɗora buhunan a kai. Kujeru sun koma jikin bango.

Da yamma sai ga mawaƙan coci. Na manta yau Juma'a ce. Tun da aka ba Othniel shugabancinsu, a falona suke koyon waƙa, wai cocin na Sabon Gari ya yi wa ɗalibai nisa. Su zo su goma sha, su buɗe baki su yi waƙa, su sake buɗe shi su cinye mini tuwo. Suka tsaya a ƙofa suna kallon buhuna. Na ce musu falo ya yi baƙi, su nemi wani wurin. Wata mai siririyar murya ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Talata, 24 ga Disamba

Zumuntar Matan cocinmu sun yi watanda, an yanka sa, ban shiga ba. Bibiana, ma'ajiyarmu, ta bi ta ƙofar gidana da kasonta a bokiti, ta ce ta zo gaishe da babbar 'yar kasuwa. Na ce mata in ta gama cin naman ta dawo a watan Yuni mu gaisa da kyau.

Kaza ɗaya muka yanka. Clara ba ta samu zuwa daga wurin bautar ƙasa ba, don haka ta ishe mu.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Sabuwar doka a gidan nan: nama ranar Lahadi kaɗai. Gas na dafa shayi ne, sauran girki gawayi. Babur ɗin Othniel lita biyu a mako, in ya ƙare ƙafa tana nan. Na daina sayen jarida, ina karanta ta ofis.

Bai yi gardama ba. Da ma ya yi. Mutumin da ba ya gardama, ta ina za ki kama shi?

Laraba, 19 ga Fabrairu

Buhu ya koma dubu hamsin da biyar.

Ba komai. Manoma ne ke ta fitar da nasu saboda kuɗin makaranta. Na karanta abin da masana suka rubuta a kan haka, kowace shekara akan yi wannan ɗan lanƙwasa kafin a miƙe.

Juma'a, 14 ga Maris

Hamsin. Wai gwamnati ta bari an shigo da abinci daga waje. Wai manyan masu ajiya sun tsorata suna zubarwa kasuwa. Kowa da nasa wai.

A ofis kowa murna yake, tiya ta sauko, yara za su ƙoshi. Ni kaɗai ce a laburaren nan nake jin faɗuwar farashin abinci kamar rasuwa. Na kama kaina ina addu'ar tsada. Mace mai hankali, mai zuwa coci, tana roƙon Allah ya sa abinci ya gagari talaka. Na bar addu'ar a tsakiya, amma ban janye ta ba.

Yau Juma'a. Othniel ya ɗauki littafin waƙarsa ya tafi da ƙafa. Wai yanzu a gindin wata bishiya suke haɗuwa, mutum biyar ko shida.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ista. Waƙar mawaƙa ta watse a tsakiya, maza suka yi gabas, mata suka yi yamma. Na ga hannun Othniel yana ta neman haɗa su a iska. Da muka fito Bibiana ta ce da ƙarfi, don in ji, wai murya ma sai da tuwo. Ban tanka ba. Ni ce ban tanka ba!

A gida ya ci abincinsa, ya ce miyar ta yi daɗi. Na ji kamar in kifa masa tukunyar.

Asabar, 10 ga Mayu

Ina shara na ga gari a ƙarƙashin katako, fari, laushi. Na kwance buhu ɗaya na zura hannu. Ɗumi. Ƙwari baƙaƙe suka biyo mini yatsu. Na sa magani tun farko, na tabbata na sa, ashe ƙarfinsa ƙarewa yake.

Muka fitar da su tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ni da Othniel, muka shanya a kan tamfol, ido yana sama don hadari. Bayansa ya riƙe a buhu na shida, bai faɗa ba, a tafiyarsa na gani. Muka sheƙe, muka sake sa magani, muka ɗinke. Abin da ya zube ya kai buhu guda.

Na tsaya a kansa na ce ya faɗa mana. Ya ce ya faɗi me? Na ce abin da ke bakinsa tun Nuwamba. Ya ce, "Babu komai a bakina sai ƙishi. Ki ba ni ruwa."

Alhamis, 5 ga Yuni

Arba'in da biyu. Yuni ke nan, watan da na yi wa duniya alkawari.

Talata, 17 ga Yuni

Mai gidan hayarmu ya turo magina sun zo awo. Suna ja mini igiya ta kan gadona, suna shawarar inda za a huda bango a sa bayi. Ɗaki shida za su fitar daga inda na raini 'yata. Na tambayi babbansu ko ɗaliban a tsaye za su riƙa barci.

Ban iya zama ba. Na shiga mota zuwa Sabon Gari ba da niyyar komai ba, ƙafa ta kai ni shagon Ikechukwu. Na shirya masa amsa tun a hanya, in ya kuskura ya tuna mini tayinsa. Sai ya jawo mini kujera, ya rage murya kamar mai faɗin sirrin wani, ya ce, "Mama, ke goma sha biyar ce. Ni arba'in na saya." Ashe bayan na bar shagonsa a Nuwamba maganata ta shiga kansa, ya ce ai matar nan littafi take karantawa, ta san abin da take yi. Matarsa ba ta yi masa magana da rana tun Ista.

Muka yi dariya har hawaye, wawaye biyu a cikin kwano. Rabon da in yi dariya na manta. Da na tambayi kuɗin bandir ɗin kwano yanzu, dariyar ta tsaya. Kwano bai san an shigo da abinci daga waje ba.

Litinin, 23 ga Yuni

In jira Yuli? Akwai shekarar da ta tashi a Yuli.

In jira, ruwa ya same mu a titi da katifa a ka. Na fi ƙarfin in je in zauna a ɗakin bayan gidan ƙanwar Othniel a Chikaji, tana ƙirga mini cokali. Na gaya masa haka, ko da yake bai ce mu je ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na sayar. Wani mai kiwon kaji daga Shika ya kwashe goma sha huɗun, dubu talatin da takwas-takwas, yana yi yana yatsina fuska wai ƙwari sun taɓa. Kaji za su ci rufin ɗakina.

Falo ya koma fili. Shatin katako ya fito a siminti. Na zauna a ƙasa na kasa mayar da kujerun wurinsu. Garin neman ƙiba an samo rama, in ji masu iya magana, kuma su ba su taɓa biyan kuɗin haya ba.

Othniel ya kawo ambulan ya ajiye kusa da ni. Ya sayar da babur. Na yi masa faɗa sosai: da wa ya yi shawara, nawa aka ba shi, ai cutarsa aka yi. Ya saurara har na gaji. Ya ce ai da ma lita biyu ba ta kai shi ko'ina.

Litinin, 7 ga Yuli

Mun je Zabi da Kayode kafinta. Ciyawa ta cika ɗakunan har gwiwa. Ya auna, ya haɗa kuɗin masara da na babur, ya ce zaɓi biyu ne. Ko a rufe ɗakin kwana ɗaya da kyau, da silin, da ƙofa da taga masu ƙarfi, har ya buga mini kantar littattafai da ragowar katako. Ko a rufe falo, kwano tsirara, ba silin, ƙofa ta wucin gadi, mu kwana a nan, mu yi girki a baranda.

Ba sai an yi tunani ba. Kwali goma sha ɗaya na littattafai gare ni, ga ɓeraye, ga damina. Othniel da kansa ya ce a yi ɗakin, ya fi tsaro, Maman Clara tana bukatar inda za ta ajiye kayanta. Ya faɗa yana tsaye a tsakiyar falon, ya ɗan yi gyaran murya, ya ja wani sauti a hankali yana sauraren yadda bango ke mayar masa. Bai san na gani ba.

Na ce wa Kayode zan kira shi.

Laraba, 9 ga Yuli

Ban kira ba. Na yi faɗa da wani ɗalibi a kan ya naɗe kunnen shafi. Laifin bai kai faɗan ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Kwano ya isa Zabi da safe, Ikechukwu ya ƙara mana ƙusa kyauta, wai ta'aziyya. Kayode ya hau, ya fara kafa katako a kan falo.

Othniel ya iso a makare, da ƙafa daga bakin titi. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Maman Clara, yaron nan ya yi kuskure, ba nan ba ne."

Na ce ba kuskure ba ne. Falo ya fi faɗi, gado zai shiga, kwalaye za su shiga a jera su a kan bulo, kuma bangonsa ya fi na ɗakin miƙewa. Lissafi ne kawai. Ya ce to. Na ce kuma ya gaya wa mutanensa Zabi ba Samaru ba ce, duk mai zuwa ranar Juma'a ya zo da kuɗin motarsa, kuma tuwo malmala ɗaya-ɗaya ne, ba ƙari. Ya juya yana taya Kayode miƙa katako, da wannan bayan nasa.

Kujerun ba za su isa ba. Sai na tambayi Bibiana ko Zumunta za su ara mana benci biyu.