Zanin Goyon Najiba

Maska, Litinin

Yaya Lami,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Malam? Tunda an yanke mana sabis na koma biro, ki yi haƙuri da rubutun wanda aka kora daga aji huɗu.

Yaya, ina cikin wani hali. Ran Juma'a ake sadakar arba'in ɗin Rabi, kuma uwarta Hajiya Tsohuwa ta ce daga nan za ta wuce Bakori da Najiba, wai namiji ba a halicce shi da raino ba. Na yi mata gardama, amma ina jin da gaskiyarta. Sau shida na gwada goyo, zanin sai ya sulale har ƙugu. Na gano dalili: ku mata kuna da inda zani ke tsayawa, ni kuwa ƙirjina kamar allo.

Ina dariya ne kawai. Yarinyar nan ita kaɗai Rabi ta bar min, in aka ɗauke ta ban san me zan tashi in yi da safe ba. Ki zo don Allah.

Ƙaninki,
Labo

Dayi, Laraba

Labo,

Wa'alaikumus salam. Malam ko juyawa ba ya yi sai da ni, ba zan iya zuwa ba.

Shashasha kawai. Shekarata bakwai na fara goya ka, me gare ni a ƙirji lokacin? Sau biyu na kayar da kai a bakin rijiya, ban taɓa gaya wa kowa ba. Inna ta yi ta dungurina har na iya. Ka sunkuya sosai, ka ja zanin ta ƙarƙashin hammata, ka soke sama, ka soke ƙasa, sannan ka ɗaura majanyi. Ka fita da ita kowa ya gani.

Allah ya ji ƙan Rabi.

Yayarka,
Lami

Maska, Asabar

Yaya,

Sallama. Yanzu na san abin da ya hana ni karatu, rijiya ce.

Da goyo na tarbi 'yan sadaka, maza na ce min Inna Labo. Hajiya ta zo kwance majanyin ta kasa, don ɗaurin buhun masara na yi masa. Tana ja, Najiba na ƙanƙame min wuya. Sai ta zauna ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Ta ce za ta dawo bayan girbi ta duba. Ki aiko min yadda ake kitso.

Naki,
Labo