Ramin Hanyar Kurfi

Zuwa ga Yaya Turai, a Rawayau.

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, kada ku sa komai a rai. Sanyin Kanada ne dai, shi ma an ba mu riguna masu kauri.

Kin tambayi aikina. Ramukan titi muke cikewa. A nan ruwa ke shiga tsagar kwalta, ya daskare, ya kumbura ya fasa ta. Da ƙanƙara ta narke sai rami ya buɗe baki. Mu zuba kwalta mu daɓe, kwana kaɗan ya sake buɗewa.

Yaya, wani abu ke ɗan damuna. Rannan abokin aikina ya tambaye ni me ya sa nake ajiye shebur a bakin kowane rami, in fara zubawa sau uku da hannu, bakina na motsi. Wallahi ban san ina yi ba. Ashe ƙasar da ban samu na zuba wa ƙanenmu Mas'ud ba ce, tunda an rufe shi ina nan. Wani sa'in ina duƙe sai in ji ƙarar babur ɗinsa a bayana, alhali ba mai hawa babur cikin wannan sanyi.

Don Allah ki roƙi Malam Ilu ya tara samari su cike ramin hanyar Kurfi da ya kayar da shi. Kada a jefa ganye kawai a wuce, a zuba marmara a daɓe. In an gama ki sanar da ni, ko hannuna ya yarda ya koma ga shebur.

Ki gaishe da Inna. Ki karanta mata farkon kawai.

Ƙanenki,
Ummaru.