Yadda Aka Sallami Kyaftin Amgalan

Daga: L. Norjmaa,
Ma'aikaciyar gidan waya mai ritaya,
Gini na 14, Gundumar Bayanzurkh,
Ulaanbaatar.

15 ga Janairu, 2024.

Zuwa ga: Mai girma D. Namsrai,
Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Kogin Tamir.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SABON ZUBIN 'YAN WASA NA BANA DA YADDA AKA SALLAMI KYAFTIN B. AMGALAN

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan sanyin bana bai taɓa ka ba, dabbobinka na can gida kuma suna cikin ƙibarsu, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan abin da ke sama.

Ni 'yar Tsetserleg ce. Tun ranar da 'yan jiharmu mazauna birni suka kafa wannan ƙungiya nake zama a layi na uku bayan bencin 'yan wasa, kuma ni ce tsohuwar nan da ke watsa madara a bayan motar 'yan wasa duk lokacin da za su yi tafiya, domin su tafi da sa'a. Wajibi ne in faɗi wani abu da bakina, kada a kawo maka shi a matsayin gulma. Manajan ƙungiya, G. Zorigt, wanda ya tsara sabon zubin, surukina ne, mijin 'yata Tungalag. Kyaftin ɗin da ya sallama, B. Amgalan, ɗana ne na cikina. Ina roƙon a karanta takardar nan da sanin haka.

1. Waɗanda aka sallama. Mutum huɗu ne, kuma a kan uku ba ni da ta cewa. Ɗaya ya yi teɓa har riga ba ta rufe masa cibiya. Ɗaya ya fi sanin hanyar mashaya a kan hanyar kwando. Na ukun yaron kirki ne ƙwarai, sai dai kirki ba ya jefa ƙwallo. Na huɗun shi ne Amgalan, kuma gaskiya ɗaci gare ta: gwiwarsa ta hagu ta gama aiki. Bara na ga yara 'yan shekara ashirin suna kewaye shi kamar turke, na kuma ji abin da mutanen layin bayana suke faɗa, ba su san uwarsa ce a gabansu ba. Ban waiwaya ba, domin ba ƙarya suka yi ba.

2. Waɗanda aka kawo. Dogon Ba'amurken nan, Lamont, an yi sa'arsa. Yana tsare ƙarƙashin kwando yadda ya kamata, yana kuma da ladabi. Da farko yakan taka ƙafar mutane ya wuce abinsa, har na sa aka gaya masa cewa a nan wanda ya taka ƙafar wani sai ya ba shi hannu nan take, in ba gaba yake nema ba. Yanzu ya wuce gona da iri, yana tsayawa ba da hannu ana tsakiyar wasa, kuma ina ganin ya dace koci ya yi masa bayanin inda al'adar ta tsaya. Ɗan ƙasar Sabiya kuwa ban san abin da aka gani a jikinsa ba. In ƙwallo ta shiga hannunsa sauran huɗun sai su koma 'yan kallo irinmu, ya ɗauka gadon gidansu ce. Sai Tulga, yaron nan ɗan garin Darkhan da ya gaji gurbin ɗana wajen raba ƙwallo. Ya fi Amgalan sauri, ya fi shi ganin fili, kuma ban ji daɗin rubuta wannan layi ba. Bara mu ne na biyun ƙarshe, yau mu ne na uku daga sama. Idan hukuma na son hukuncina a kan aikin manaja a cikin fili, to ya ci, ban da ɗan Sabiyan.

3. Ainihin ƙorafina. Ranar Lahadi, 13 ga Agustan bara, Zorigt da Amgalan sun ci abinci a teburina. Zorigt ya ci, ya ƙara, ya yaba naman, har ya ce wa Amgalan ya miƙo masa butar shayi. Maganar sallama kuwa bai taɓa ta ba. Washegari Litinin ɗana yana layin likitan ƙashi sai wani baƙo ya nuna masa waya, ya ce ashe ka bar ƙungiya. Shafin ƙungiya ne ya saka hoton 'yan wasan bana, babu shi a ciki, lambar rigarsa kuma tana bayan Tulga. Mutumin da ya ba ƙungiyar nan ƙuruciyarsa da gwiwarsa, wanda ya buga wasan neman tsira da karyayyen yatsa a shekarar da aka kusa fitar da mu daga gasa, a bakin baƙo ya ji labarin korarsa. Babu kira, babu zama, babu ko kofin shayi na ban kwana. Na yi aikin gidan waya har na tsufa, kuma ko wasiƙar da aka rasa mai ita ba haka muke jefar da ita ba.

4. Abin da ya biyo baya. Tun daga ranar Amgalan bai taka gidan yayarsa ba. 'Ya'yansu, waɗanda a da ba a raba su, yanzu a makaranta kawai suke haɗuwa. Tungalag tana kuka a wayata da safe, matar Amgalan tana kuka a wayata da yamma, ni kuma ba ni da wanda zan kira. Ɗana ya samu aikin dako a Koriya, zai tashi farkon Maris, kuma kowa ya san masu tafiya can da niyyar shekara biyu yadda suke daɗewa.

Bikin Farin Wata, na shiga sabuwar shekararmu, zai kama ranar 10 ga Fabrairu. Tunda mahaifinsu ya rasu, ni ce babba, a gidana ake fara gaisuwa. Amgalan ne ƙarami, saboda haka shi zai miƙa hannuwa ya tallafi gwiwar hannun Zorigt a gaban kowa. Mai girma shugaba ya sani, waɗanda suka tsallake wannan gaisuwa sun ɗaura gabar shekara guda ke nan, tasu kuwa za ta hau jirgi ta ƙetare teku.

5. Ƙoƙarin da na yi kafin in dame ka. Na kira ɗana na yi masa nasiha. Amsarsa, wadda nake kawowa yadda ya faɗe ta, ita ce: "Inna, na ɗauki ƙungiyarsa a kafaɗa shekara da shekaru, ba ni da sauran ƙarfin ɗaukar gwiwar hannunsa. In yana nan ba ni nan." Na kira surukina gida. Shi kuma ya ce: "Inna, aiki daban gida daban. In na yi masa wani abu na musamman, gobe a ce na fifita ƙanin matata." Na tambaye shi ko butar shayin da aka miƙa masa ta aiki ce ko ta gida, sai ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. A fahimtata ba mugunta ba ce. Tsoro ne ya hana shi magana a teburin nan, yanzu kuma kunya ta hana shi gyarawa. Su biyun taurin kai gare su, kuma in babu wanda ya fi su ya ba da umarni, haka za su tsaya har a binne ni.

Abin da nake roƙo. Ba na neman a mayar da ɗana cikin ƙungiya. In aka mayar da shi ma zan sake rubuto wani ƙorafin. Mahaifina makiyayi ne a bakin Tamir, kuma duk dokin da ya taɓa ciyo masa tsere, in ya tsufa, yakan ɗaura masa shuɗin hadag, ƙyallen girmamawa, a wuya ya sake shi, ba a ƙara hawansa, ba a yanka shi. Ɗan kokawa ma in zai ajiye riga a tsakiyar fili yake cire ta, jama'a na tsaye. Na tabbata mahaifinka haka ya yi wa nasa dawakan.

Saboda haka ina roƙon hukuma, cikin ladabi, ta ba da umarni cewa a wasanmu na ranar 3 ga Fabrairu, lokacin hutun rabin wasa, a kira mutum huɗun nan tsakiyar fili, har da mai teɓar, domin kada a ce an yi son kai. A ba kowannensu hadag da rigarsa. Manaja da kansa ya miƙa, da hannu biyu, yana kallon fuskar wanda yake ba wa. In umarnin daga sama ya zo, Zorigt zai yi ba tare da an zarge shi ba, Amgalan kuma zai karɓa, domin bai taɓa ƙin kiran ƙungiyar nan ba. Abin ba zai ɗauki lokaci ba, kuma hadag ɗin ni zan kawo.

Idan kuwa hukuma ta ga hakan ya saɓa wa tsarinta, zan karɓi hukuncin da biyayya. Sai dai a wannan hali ina da roƙo na biyu. Tunda hukumar ta nuna ta iya zaɓen wanda za a riƙe da wanda za a sallama, ta taimaka ta sanar da ni a rubuce, kafin 10 ga Fabrairu, wanne daga cikin su biyun zan ce wa kada ya zo gidana. Na zauna na gwada, ni na kasa.

Ka huta lafiya, tare da cikakkiyar girmamawa.

Taka mai biyayya,

L. Norjmaa
Layi na uku, bayan benci.